YABA KYAUTA TUKUICI: SHARHI A KAN LITTAFIN WATA MATAFIYIYA MAI KEKE

Tun lokacin da aka ƙago keke a ƙasashen Turai ba a rasa waɗansu mutane masu ɗaure 'yan komatsansu a bayansa, su bar garinsu, su doshi ƙasashen da ba su san kowa ba. Da yawa daga cikinsu in sun komo gida sukan zauna su rubuta littafi, su ba da labarin abin da suka gani. Wanda ya karanta irin waɗannan littattafai zai tarar da abu guda yana ta komowa a cikinsu, watau zancen masauki. Dalili kuwa a fili yake. Mai mota yana iya ɗaukar guzurin wata guda, yana kuma iya sheƙa gudu ya kai babban gari kafin magariba. Mai keke ba shi da wannan dama. Abin da zai ɗauka kaɗan ne, kuma inda rana ta faɗi masa nan zai kwana, ko ƙauye ne ko ruga ko bukkar mai shayi a bakin hanya. Saboda haka cinsa da shansa da makwancinsa, wani lokaci ma har da ransa, suna hannun mutanen da ya tarar.

Tun da yake haka ne, akwai ma'aunin da ya kamata a auna irin wannan littafi da shi, bayan an duba daɗin labari da yawan mil ɗin da aka ci. Ma'aunin shi ne, yaya marubuci ya yi da mutanen da suka saukar da shi? Ya ci abincinsu, ya kwana bisa tabarmarsu, sa'an nan ya tafi ya kai labarinsu inda ba za su taɓa zuwa su gyara masa kuskure ba. Bashi ne ya ɗauka, kuma cikin littafinsa ne za a ga ko ya biya. Da wannan ma'auni za a duba wani littafi da ya yi suna ƙwarai a wannan fanni, wanda ake kira Full Tilt, ma'anarsa tafiya da iyakar gudu. Wata mace ce mutuniyar ƙasar Ailan, mai suna Dervla Murphy, ta rubuta shi da Ingilishi, kamfanin John Murray na Landan ya buga shi a 1965.

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila. A can aka haifi Dervla Murphy a 1931, ta tashi a wani ƙaramin gari da ake kira Lismore. Ran da ta cika shekara goma aka ba ta kyautar keke da littafin taswirar duniya, tun daga lokacin ta ƙudurta a ranta wata rana sai ta hau keke ta je Indiya. Amma mahaifiyarta ba ta da lafiya, sai ta bar makaranta tana da shekara 14, ta zauna tana jiyyarta har shekara 16. Da uwar ta rasu a 1962 sai ta shiga shiri. Ta sa aka cire wa kekenta giya don kada ta lalace inda babu mai gyara, ta aika da tayoyi gaba ta gidan waya su jira ta a manyan garuruwa, ta kuma sayi wata ƙaramar bindiga ta koyi harbi. Keken nan har suna ta sa masa, tana ce da shi Roz, tana kuma zancensa cikin littafin kamar abokin tafiya mai rai.

Ta tashi daga Dunkirk, a bakin teku cikin ƙasar Faransa, a watan Janairu na 1963, tana da shekara 31. Sai aka yi rashin dace, a shekarar nan ne aka yi wani sanyi a Turai wanda aka daɗe ba a ga irinsa ba, ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Duk da haka ta ratsa Faransa da Italiya da Yugoslabiya da Bulgeriya da Turkiyya, ta shiga Iran, watau tsohuwar Farisa, daga nan ta wuce Afganistan da Pakistan, ta isa birnin Delhi na Indiya a watan Yuli. Ba duk hanyar ta yi a kan keke ba, gama a waɗansu wurare ƙanƙara ko rashin hanya ko umurnin hukuma sun tilasta mata shiga mota. Ita da kanta ta ƙiyasta abin da ta tuƙa da ƙafarta wajen mil 3,000 ne. Wannan faɗin gaskiya tun daga farko yana sa mai karatu ya amince da sauran abin da za ta faɗa.

Akwai wani lissafi da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin littafin. Dukan abin da ta kashe cikin wata shidan nan fam 64 ne da 'yan sulalla. Ko da a ce kaya suna da araha a wancan zamani, mutum ba ya ratsa ƙasashe tara da fam 64 sai in akwai waɗanda suka ɗauke masa sauran. Su wa suka ɗauka? Su ne masu shayi da manoma da makiyaya da direbobi da 'yan sanda da sarakuna waɗanda suka ciyar da ita, suka ba ta wurin kwana, da yawansu kuma suka ƙi karɓar ko anini. In an ce ita ce jarumar littafin, to, su ne suka biya kuɗin jaruntakar.

Yawancin littafin an ɗauko shi ne daga abin da take rubutawa kowane dare a hanya, tana aika wa abokanta a gida. Labarin Turai da Turkiyya ta taƙaita shi a farko, sa'an nan daga Tehran, babban birnin Iran, ta shiga bayar da labarin rana bayan rana. Wannan tsari yana da amfani babba game da zancen masauki. Wanda ya jira sai ya koma gida kafin ya rubuta, yakan tuna manyan abubuwa ya manta ƙanana, alhali kuwa karimci cikin ƙananan abubuwa yake: wane ne ya kawo ruwan wanke hannu, mene ne aka zuba a akushi, ina aka shimfiɗa mata, wa ya tashi ya bar mata wurinsa. Ita kuwa tana rubutawa ne tun shayin bai huce ba, ga masu gida zaune kewaye da ita suna kallon alƙalaminta. Saboda haka mai karatu yakan ji kamar da shi aka zauna.

Masaukanta iri uku ne. A Iran sau da yawa a barikin jandarma take kwana, watau 'yan sandan da ke tsaron hanyoyin ƙauye, kuma saboda gajeren gashinta da tufafinta waɗansu sukan ɗauka namiji ce. A Afganistan ɗakunan shan shayi na bakin hanya su ne masaukin kowane matafiyi. A nan ake cin gurasa, a sha shayi, dare ya yi kowa ya miƙe a ƙasa inda yake zaune. A Pakistan kuma ta ga ƙarshen abu biyu. Ta sauka a Saidu Sharif, babban garin ƙasar Swat, wadda a lokacin take da sarkinta da ake kira Wali, ta zauna a gidan ɗansa Aurangzeb da matarsa Nasim, 'yar Ayub Khan shugaban Pakistan na wancan lokaci. Bayan wannan ta shiga duwatsun Gilgit, inda talauci ya kai ga mutane suna dafa ganyen wata ciyawa su ci, ita ma abin da ta ci ke nan tare da su.

Abu na farko da za a yaba mata shi ne ba ta da ƙyama. Abin da aka ajiye mata shi take ci, inda aka nuna mata nan take kwanciya, ko da ƙuma ko da kuɗin cizo. Takan faɗi ƙazantar wuri in ta gan ta, amma ba ta mai da ita abin yi wa masu gida dariya. Don a gane girman wannan hali sai a gwada ta da wanda ya riga ta bin kusan wannan hanya. Thomas Stevens, haifaffen Ingila mazaunin Amurka, shi ne mutum na farko da ya kewaye duniya da keke. Ya tashi daga San Francisco a watan Afrilu na 1884, bisa irin tsohon keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ƙafar baya, ya ratsa Turai da Turkiyya, ya yi zaman hunturu a Tehran, aka komo da shi daga Afganistan, ya ƙare tafiyarsa a Japan a watan Disamba na 1886. Shi ma ya ci abincin ƙauyawan Turkiyya da Farisa, ya kwana a gidajensu. Amma cikin littafinsa sau da yawa sukan fito kamar taron 'yan kallo masu damunsa ya hau keke su gani, yana dubansu daga sama irin duban da Turawan zamaninsa ke yi wa mutanen Gabas. Tsakanin littafinsa da nata shekara kusan 80 ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ita ta zauna ƙasa tare da masu gida.

Abu na biyu, ba ta bar sharrin mutum ɗaya ya shafi jama'a ba. Tafiyar ba ta rasa haɗari ba. A Yugoslabiya kyarketai sun tasam mata da dare cikin daji har ta yi harbi. A gabashin Turkiyya wani ya shigo mata ɗaki tana barci, sai da ta harba bindiga sama ya gudu. A Iran waɗansu sun so su ƙwace keken. A Afganistan kuwa faɗa ya tashi cikin motar haya, gindin bindigar wani ya same ta ya karya mata haƙarƙari, alhali ba ita aka nufa ba, ta yi kwanaki tana jiyya, kunama kuma ta harbe ta. Wani marubucin da waɗannan zai cika littafinsa, don su ne ke sa a saya. Ita ta ba da labarinsu a taƙaice ta wuce, kuma ƙasar da aka karya mata ƙashi ita ce ta fi ƙauna duk cikin tafiyar. Da littafin ya fito, mutanen Afganistan da na Pakistan ta sadaukar wa da shi, don godiya bisa karimcinsu. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, to, wannan tukuicin ta bayar da shi a shafin farko, inda kowa zai gani.

Abu na uku, littafin ya gyara tunanin masu karatunsa game da Musulmi. A Turai an yi ta tsoratar da ita cewa mace ita kaɗai ba za ta fita da rai daga waɗannan ƙasashe ba, har ma ofishin jakadan Afganistan a Tehran ya yi ta jan ƙafa kafin ya ba ta izinin shiga. Abin da ta tarar ya saɓa wa abin da aka gaya mata, ta kuwa faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Kasancewarta mace baƙuwa ya ba ta wata dama wadda namiji ba zai samu ba, gama takan zauna da maza a zaure kamar ɗayansu, sa'an nan a shigar da ita cikin gida wurin mata. Ta ga gida daga ƙofa har ƙurya.

To, amma ba a san amfanin ma'auni ba sai an ɗora nauyi a ɓangare biyu. Akwai wurare uku da littafin ya gaza biyan bashin da ke kansa.

Na farko shi ne harshe. Dervla Murphy ba ta jin Farisanci, ba ta jin Pashto, ba ta jin Urdu. Da hannu da fuska da 'yan kalmomi kaɗan take magana da talakawan da suka saukar da ita. Duk wata doguwar hira da ke cikin littafin, ta siyasa ko ta addini ko ta zaman aure, da masu jin Ingilishi aka yi ta, watau hafsoshin soja da ma'aikatan gwamnati da 'ya'yan sarauta. Sakamakon haka shi ne, manya suna da baki a littafin, talakawa kuwa sai hannu mai miƙo gurasa. Mai karatu ya san abin da ta ji game da mai shayin da ya ƙi karɓar kuɗinta, amma bai san abin da mai shayin ya ji ba. Ko murna ya yi? Ko kunya ce ta hana shi karɓa? Ko gurasar nan ta 'ya'yansa ce? An ce baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda ya haɗa da rashin kunne.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin karimcin waɗannan ƙasashe yana da dokoki waɗanda baƙo ba ya ganinsu da ido. A Iran akwai wata al'adar ladabi da suke kira ta'aruf, inda mai kanti zai ce a bar kuɗin, mai gida ya ce a ɗauki duk abin da aka yaba, alhali ana sa ran wanda aka yi wa tayin ya ƙi, ya sake ƙi, sai in an nace ƙwarai sa'an nan ya karɓa. Duk wanda ya san bambancin tayin abinci na gaske da bismillar fatar baki ya san wannan. A wurin Pashtunawa na Afganistan da Pakistan kuma saukar baƙo, wanda suke kira melmastiya, yana cikin ginshiƙan mutuncin namiji. Wanda ya bar baƙo ya kwana da yunwa ya zubar da girmansa a idon dangi, saboda haka zai yanka kazarsa ta ƙarshe ko da zuciyarsa tana ciwo. Baƙon da bai san haka ba sai ya ɗauka duk abin da aka miƙo masa daga yalwa ya fito.

Har wa yau akwai tushen addini, wanda littafin ya taɓa sama-sama bai tona ba. Masu masaukin nan Musulmi ne, sun tashi da labarin Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen maraƙi tun bai san ko su wane ne ba. Sun san matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Sun kuma san hadisin da ya sa liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka ya zama sadaka. Amma hadisin nan bai tsaya kan mai gida kaɗai ba, ya ɗora wa baƙo nasa nauyin, ya hana shi zama har ya ƙuntata wa wanda ya saukar da shi. Ashe haƙƙi biyu ne ke fuskantar juna. Littattafan matafiya sukan cika da zancen haƙƙin baƙo, su yi shiru game da haƙƙin mai gida. A yi mata adalci, Dervla Murphy takan yi ƙoƙarin biya, kuma a Gilgit ta ga yunwar mutane ta faɗe ta yadda take. Sai dai mai karatu zai so a ce ta tsaya ta yi wa kanta wannan tambaya sosai: shin daidai ne mai fam a aljihu, wanda ya fito yawon ganin duniya don son ransa, ya ratsa ƙasar da abincinta bai ishi masu ita ba?

Na biyu shi ne saurin yanke hukunci. Mai keke kwana ɗaya yake yi a gari, da safe ya wuce. Abin da ya gani a daren nan shi zai ɗauka halin garin ne. Ga shi kuma rubutun kowane dare, wanda aka yaba a baya, yana da nasa aibi, domin gajiya da zafin rana da ciwon ciki duk sukan shiga alƙalami. Saboda haka akwai wuraren da ta yi wa al'umma ɗungum kuɗin goro. Ba ta sake da Iraniyawa kamar yadda ta sake da Afganawa ba, kuma da ta shiga Indiya, ƙasar da ta yi shekara 21 tana mafarkinta, a gajiye take, ba ta ga abin so da yawa ba. Wanda ya karanta da lura zai ga cewa sau da yawa yabo da zargin nan sun bi yadda aka karɓe ta ne. Inda aka yi mata shimfiɗar fuska mutanen kirki ne, inda aka yi mata kallon banza mutanen banza ne. Wannan halin ɗan Adam ne, amma ba ya zama shaida a kan miliyoyin mutane. Daga baya ta koma Indiya ta zauna a kudancinta, ta rubuta wani littafin da ya fito a 1976 da ido mai sanyi fiye da na farko, wanda ke nuna cewa zama ya fi wucewa gane mutane.

Na uku shi ne mafi nauyi. Saboda tsananin ƙaunar da ta yi wa Afganistan, sai ta so ƙasar ta zauna yadda ta same ta. A 1963, zamanin Sarki Zahir Shah, Amurka da Rasha suna gasar gina wa ƙasar hanyoyi. Amurkawa suna aikin hanyar Kabul zuwa Kandahar, Rashawa suna na Kandahar zuwa Herat, suna kuma huda dutsen Salang, wanda aka buɗe a 1964. Ita kuwa tana duban waɗannan ayyuka da fargaba, tana tsoron kada zamani ya ɓata natsuwa da mutunci da karimcin da ta gani. Akwai gaskiya cikin tsoronta, gama ta fito daga inda ta ga abin da son kuɗi da gaggawa suka yi wa zumunci, kuma gasar manyan ƙasashen nan ba ta ƙare da alheri ba. An tumɓuke sarkin a 1973, sojan Rasha suka shiga a watan Disamba na 1979, aka yi shekaru ana yaƙi, har manyan gumakan dutse na Bamiyan da ta je ta gani aka rushe su a 2001. Ƙasar Swat ma an shafe sarautarta a 1969. Saboda haka littafin ya zama shaidar wani zamani da ya wuce, wannan kuma ya ƙara masa daraja.

Duk da haka, wa ya kamata ya ce a yi hanya ko kada a yi? Baƙuwar da haƙarƙarinta ya karye ta sami magani, in abin ya tsananta kuma tana da fasfo da jakada da jirgin da zai mai da ita gida. Matar mai masaukinta in naƙuda ta yi gardama a bayan dutse, hanyar motar nan ce tsakaninta da kabari. Yana da sauƙi mutum ya yaba talaucin da zai kwana ɗaya cikinsa ya wuce. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa, mai gida kuwa shi zai zauna da rana. Yabon da ya ƙunshi fatan mai kyauta ya dawwama cikin rashi don kyautarsa ta riƙa yin daɗin labari, tukuici ne mai ƙaya a ciki. A nan ne littafin ya fi rauni, kuma a nan ne waɗanda suka bi sawunta suka fi yin koyi da ita.

Akwai kuma wata tambaya da ba a yi ba. Da a ce wani manomi daga Herat ya hau keke a shekarar nan ya nufi Turai da fam 64, ba ya jin harshen kowa, ƙofa nawa za a buɗe masa? Hanyar nan ba ta cika zama mai zuwa da komowa ba. Ba a rasa waɗanda suka bi ta a juye ba, kamar Olabisi Ajala, Bayarabe ɗan Nijeriya, wanda ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles cikin Amurka a 1952, daga baya ya kewaya ƙasashe da babur, ya fitar da littafinsa a 1963, shekarar da ita ta yi tata tafiyar. Amma irinsu kaɗan ne. Galibi mai ƙarfin fasfo shi ne baƙo, marar ƙarfi shi ne mai gida, kuma littafin da bai lura da wannan ba ya bar rabin labari.

In an bar littafin an dubi mai shi, za a ga ta biya wani abu da aikinta. Da ta isa Indiya ba ta juya gida nan da nan ba, sai ta tafi Dharamsala ta yi watanni tana aikin sa kai wajen kula da 'ya'yan 'yan gudun hijirar Tibet, labarin da ta bayar cikin littafinta na biyu a 1966. Ta koma duwatsun arewacin Pakistan da 'yarta ƙarama cikin hunturun 1974 zuwa 1975, ta zauna da talakawan Baltistan a lokacin da ya fi tsanani. A 1987 kuma su biyun suka yi tafiyar ƙasa da doki a tsaunukan Kamaru, suna sauka a ƙauyuka da rugagen Fulani. Littattafanta na baya sun fi na farko sauraron mutane da tonon dalilin wahalarsu. Ta rasu a garinsu Lismore a watan Mayu na 2022, tana da shekara 90.

Hukuncin da za a yanke wa Full Tilt ke nan: littafi ne na gaskiya, mai daɗin karatu, wanda ya cancanci sunan da ya yi. Ya biya bashin godiya cikakke, ya biya na faɗin gaskiya gwargwado, amma bashin sauraro yana nan a kansa. Mai karatu zai fita daga cikinsa da sanin jarumtar mace ɗaya da alherin ɗaruruwan mutane waɗanda ba a rubuta sunayen yawancinsu ba.

Wanda ke da niyyar irin wannan tafiya, ko da keke ko da ƙafa, zai amfana da abin da ta yi daidai da kuma abin da ta bari. Ya koyi gaisuwa da godiya da ban haƙuri cikin harshen ƙasar kafin ya shiga. Ya san tayin da ake karɓa da wanda ake mayarwa. Ya dubi rumbun mai gida kafin ya dubi akushi, in ya ga babu, ya rage ci, ya nemi hanyar da zai bar wani abu ba tare da ya kunyata shi ba, ko ta hannun yara ko ta sayen abin da gidan ke sayarwa. Kada ya wuce kwanakin da aka san baƙo da su. In ya zo rubuta labari, ya tuna cewa mutanen nan sun buɗe masa ƙofa ne don ya kwana, ba su ba shi izinin tallan asirinsu ba. In kuma ya koma gida, ya bar tasa ƙofar a buɗe, domin wata rana wani zai tsaya a bakinta da ƙura a ƙafa, ba ya jin harshen garin. Allah ya saka wa masu saukar baƙi da alheri, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.